Sunan atom yana hannun furoton

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sakandare ta aiko da tambaya daga Aboabo, a nan Kumasi. Ta ce: "Malam, barka da aiki. Ina shirin rubuta WASSCE, kuma akwai tambayar da kullum take kayar da ni a kemistiri. A gwajin da muka yi an ba mu ƙwayoyi huɗu, kowace da adadin furoton da niyutoron da ilektoron a jere. W tana da 17, 18, 17. X tana da 17, 20, 17. Y tana da 17, 18, 18. Z tana da 18, 22, 18. Sai na ce Y da Z duk agon ne, tunda kowace ilektoron 18 gare ta. Malaminmu ya soke da jan biro. Ina kuskuren yake?"

'Yata, barkanmu dai, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Kuskurenki guda ɗaya ne tak, kuma ramin da kika faɗa ya ci mutane da yawa kafin ke. Tun da na fara riƙe alli a garin nan ban taɓa yin ajin da aka rasa masu faɗawa cikinsa ba. Kin je tambayar sunan atom a bakin ilektoron. Shi kuwa ilektoron ɗan haya ne, yau yana gidan nan, gobe ya kwashe komatsansa ya koma maƙwabta. Mai gida shi ne furoton, kuma sunansa ne a jikin takardar gidan.

Bari in nuna miki yadda nake yi a aji. Nakan biya wurin masu goro in sayi ja da fari, in haɗa da ɗan ƙullin gyaɗa, in ari faranti babba. Jan goro shi ne furoton, cajinsa +1. Farin goro shi ne niyutoron, ba shi da caji ko kaɗan. Su biyun nake tarawa a tsakiyar faranti, nan ne cibiyar atom. Gyaɗa kuma ita ce ilektoron, cajinsa −1, sai in jera ta a bakin faranti. Jan goro da fari nauyinsu kusan ɗaya ne, haka furoton da niyutoron suke. Inda misalin ya gaza shi ne gyaɗar ta cika nauyi, domin sai kin tara ilektoron wajen 1,836 kafin su kai nauyin furoton guda. Farantin ma ya yi kaɗan. Da za a hura atom ya kai girman filin wasa na Baba Yara, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar wake a tsakiyar fili ba, duk sauran sarari ne da ilektoron ke kai-komo a ciki. To amma kusan duk nauyin atom ɗin yana cikin wannan ƙwayar waken.

Yanzu ɗauko teburinki. Sa hannu ki rufe layin niyutoron da na ilektoron, ki bar na furoton kaɗai. W 17, X 17, Y 17, Z 18. Adadin furoton shi ake kira lambar atom, kuma kowane sinadari yana da tasa lambar da ba ya tarayya da kowa a cikinta. Lamba 17 ta kulorin ce, 18 ta agon. Ke nan W da X da Y duk kulorin ne, Z ce kaɗai agon. Kin gama rabin aikin tun ba ki ɗaga hannunki ba.

Sai ki buɗe layin niyutoron ki tara shi da furoton, ki sami lambar nauyi. W ta ba da 35, X 37, Y 35, Z 40. W da X sunansu ɗaya, nauyinsu ya bambanta, wato aisotof ne na kulorin: kulorin-35 da kulorin-37. A ƙarshe ki buɗe layin ilektoron ki debe shi daga furoton. W da X da Z sun ba da sifili, atom ne da cajinsu ya daidaita. Y ta ba da 17 a debe 18, wato −1. Ayon ce, wato atom mai caji, kulorin-35 da ya karɓi ilektoron ɗaya, wanda ake rubutawa Cl⁻. Amsar ke nan, kuma da maki kawai kike nema da sai in tsaya a nan. Sai dai wanda ya haddace amsa bai san dalili ba, ana sauya lambobin zai sake zamewa.

Me ya sa furoton ne mai suna? Su kansu masana sun daɗe ba su gane ba. Lokacin da Mendeleev na Rasha ya fitar da jadawalin sinadarai a 1869, da nauyi ya jera su, domin ba a san furoton ba tukuna. Ilektoron ma sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi, niyutoron kuwa sai 1932 a hannun James Chadwick. Jerin nauyi ya yi aiki a yawancin wurare, amma ya riƙa cijewa a wasu. Teluriyam ya fi aidin nauyi, halayensu kuma suka nuna dole teluriyam ya zo kafin aidin. Da aka gano agon a 1894 sai aka sake cin karo da irin wannan: matsakaicin nauyinsa 39.9, na fotasiyam 39.1, amma kujerar agon tana gaban ta fotasiyam. Wani saurayi Bature ɗan Ingila, Henry Moseley, shi ya warware ƙullin a 1913. Ya auna hasken X-ray da sinadarai daban-daban ke fitarwa, ya ga yana hawa tsani-tsani daidai da cajin cibiya, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kula da nauyi ba. Agon 18, fotasiyam 19, magana ta ƙare. An kashe shi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Galifoli a 1915 yana ɗan shekara 27. Na'urar nan ta hannu da ake haska zinare da ita a ga ko an yi masa gauraye, a kan abin da ya gano take aiki.

Tunda na ambaci zinare, ga misalin da ya fi kusa da mu 'yan ƙasar Asante. Zinaren da ake haƙowa a Obuasi furoton 79 gare shi. Zaiba, wadda 'yan galamse, masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ke kama zinare da ita har ta ɓata mana ruwan kogunan Pra da Ofin, furoton 80 gare ta. Jan goro ɗaya ne tsakaninsu. Da 79 kin sami ƙarfen da ake yi wa sarki ado da shi, wanda ba ya tsatsa ko ya shekara dubu a ƙasa. Da 80 kin sami ruwan ƙarfe mai guba da yake gangara a tafin hannu. Dalma kuma 82. Mutanen da, daga ƙasashen Larabawa har Turai, sun ƙarar da rayuwarsu suna dafa dalma da zaiba don su koma zinare, kuma daga sunan sana'arsu a Larabci muka samo kalmarmu ta kimiyya. Ba su yi nasara ba saboda wuta da tukunya da asid iyakarsu bakin faranti, gyaɗa kawai suke iya taɓawa. A 1980 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Amurka sun yi amfani da injin harba ƙwayoyi suka fizge furoton daga bismut, mai lamba 83, suka sami zinare. 'Yan dubban atom ne kacal, ido ba ya ganinsu, kuɗin da aka kashe kuwa ya ninka darajarsu ba adadi.

Riƙe wannan da kyau, domin daga nan kuskure na biyu yake fitowa. Na taɓa duba takardar wani yaro mai ƙoƙari da aka tambaya furoton nawa ke cikin Na⁺. Ya rubuta 12. Na kira shi na ce ya aka yi? Ya ce, "Malam, ai alamar tarawa ce a kansa, ke nan an ƙara masa furoton ɗaya." Na tura masa farantin na ce ya jera min sodiyam. Ya zuba jan goro 11, fari 12, gyaɗa 11. Na ce to mai da shi Na⁺. Ya miƙa hannu zai ɗauki jan goro, na riƙe hannun na ce ƙirga, in ka ƙara sun zama nawa? Ya ce 12. Wane ne mai lamba 12? Ya yi shiru, can ya ce magniziyam. Sai ya yi dariya, ya ɗauki gyaɗa ɗaya daga bakin faranti ya jefa a baki. Furoton 11, ilektoron 10, caji +1. Tun ranar bai sake ɓata ta ba.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne a nan samu yana jawo negetif, rashi kuma yana jawo fozitif, kamar an juya lissafi. Ki ɗauki ilektoron a matsayin bashi. Mai shagon da ya ƙara cin bashi, littafinsa ƙasa yake yi. Wanda aka ɗauke wa bashi, nasa sama yake yi. Kulorin ya karɓi bashi ɗaya ya koma −1, irinsa ake kira anayon. Sodiyam ya sauke bashi ɗaya ya koma +1, irinsa ake kira katayon.

Kada kuma ki raina wannan gyaɗa ɗaya don na ce ɗan haya ne. Sodiyam mai cikakken ilektoron 11 ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, a cikin mai muke ajiye shi a ɗakin gwaji, in ya taɓa ruwa sai ya hau tsalle yana huci, wani lokaci har da wuta. Kulorin mai ilektoron 17 iska ce mai shaƙe mutum, an yi yaƙi da ita a 1915. Amma sodiyam ya miƙa wa kulorin ilektoron ɗaya, sai ga Na⁺ da Cl⁻, gishirin da ake kwasowa daga Ada ana zubawa a miya. Su ne kuma, tare da K⁺ na fotasiyam, ke cikin garin gishiri da sukari da ake dama wa yaro mai gudawa. Hali ya sauya gaba ɗaya, suna yana nan, domin ba wanda ya taɓa cibiya. Baƙin ƙarfe, mai alamar Fe, ma haka. Furoton 26 ne ko yaushe. In ya rasa ilektoron biyu, saura 24, shi ne Fe²⁺ na ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu. In ya rasa uku, saura 23, shi ne Fe³⁺ na tsatsar da ke cin kwanon rufi.

Ga kuma dalilin da ya sa ƙirga ilektoron ba zai taɓa ba ki suna ba. Sinadarai da yawa suna karɓa ko su bayar ne don su kai adadin da iskokin nan marasa shiga harkar kowa suke da shi, irin su niyon da agon. Saboda haka a kan ilektoron 18 akwai cunkoso kamar tashar Kejetia da yamma. S²⁻ na salfa yana da 18, furoton 16. Cl⁻ yana da 18, furoton 17. Agon yana da 18, furoton 18. K⁺ yana da 18, furoton 19. Ca²⁺ na kalsiyam yana da 18, furoton 20. Biyar ke nan sanye da anko ɗaya, kowa da gidan ubansa. Ke kin ga anko kin ce 'yan gida ɗaya ne. A kan ilektoron 10 ma haka: O²⁻, F⁻, niyon, Na⁺, Mg²⁺ da Al³⁺. Masu shirya jarrabawa sun san wannan sarai, shi ya sa lambobin 10 da 18 ba sa ƙarewa a takardunsu.

Mu koma kan farin goro, domin shi ma yana da nasa tarkon. A jadawali za ki ga an rubuta 35.5 a wurin kulorin. Sai ɗalibi ya debe 17 ya kawo min niyutoron 18.5. Nakan ce masa ana ɓara goro a ba aboki rabi, amma ba a ɓara niyutoron. Babu atom ɗin kulorin ko ɗaya a duniya mai lambar nauyi 35.5. Matsakaici ne. Cikin kowane atom huɗu na kulorin, kusan uku masu 35 ne, ɗaya mai 37. Kamar buhu uku ne masu kilo 35 da ɗaya mai kilo 37: jimla 142, a raba huɗu, 35.5, alhali ba buhun da ya hau sikeli ya nuna haka. Don haka adadin niyutoron daga lambar nauyi ta aisotof ɗin da aka ba ki ake ciro shi, wadda kullum cikakkiyar lamba ce.

Frederick Soddy ne ya shigo da kalmar aisotof a 1913, daga Girkanci, ma'anarta "wuri ɗaya", saboda kujera ɗaya suke zaune a jadawali. A harkar haɗuwa da sauran sinadarai kusan ba a bambanta su. Gishirin da aka yi da kulorin-37 ɗanɗanonsa ɗaya da na kulorin-35. Bambancin yana cikin cibiya: wata tana zaune lafiya har abada, wata niyutoron ya yi mata yawa ko kaɗan, sai ta riƙa fitar da haske mai ratsa jiki har ta rikiɗe. Kobal-59, mai furoton 27 da niyutoron 32, ƙarfe ne lafiyayye. Ƙara masa niyutoron ɗaya, ya zama kobal-60, wanda rabinsa ke ruɓewa duk shekara 5 da 'yan watanni, kuma da haskensa aka daɗe ana ƙona ciwon daji a asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu. Kabon-12 da kabon-14 furoton 6 ne duka, niyutoron 6 da 8. Na biyun rabinsa ke ƙarewa a shekara 5,730, da shi ake ƙiyasta shekarun tsohon ƙashi ko gawayi.

Ba sai kin je Turai za ki ga ana wannan aiki ba. A Kwabenya da ke Accra, hukumar makamashin nukiliya ta Ghana tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, ƙirar Sin. Da yuraniyam yake aiki. Yuraniyam furoton 92 ne, amma akwai mai niyutoron 143, wato yuraniyam-235, da mai 146, wato yuraniyam-238. Na farkon ne ke saurin tsagewa ya ba da makamashi, kuma a cikin wanda ake haƙowa daga ƙasa bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. A 2017 aka sauya wa injin makamashi daga wanda ke da kusan kashi 90 na yuraniyam-235 zuwa mai kashi 13, don kada ya zama abin da za a iya haɗa makami da shi. Duk wannan ɗawainiya a kan bambancin farin goro uku ce. Babban aikin injin kuwa shi ne gane abin da ke cikin samfurin ƙasa ko dutse ko abinci, ta hanyar yi masa ruwan niyutoron. In akwai zinare a ciki, wanda a ɗabi'a duk zinare-197 ne mai niyutoron 118, sai ya haɗiye ɗaya ya koma zinare-198. Har yanzu zinare ne, tunda furoton 79 suna nan. Amma cibiyar ba ta zauna ba, cikin kwana 3 ba kaɗan rabinsa ya rikiɗe, yana fitar da haske mai tambarin da ake gane shi da shi. Yadda yake rikiɗewa shi ne niyutoron ɗaya ya juye ya zama furoton. 79 ta koma 80. Zinaren ya zama zaiba, akasin abin da masu dafa tukunya suka mutu suna nema. A irin wannan ne kaɗai suna ke sauyawa, kuma aikin cibiya ne, ba ya faruwa a kwalbar gwaji ta makaranta.

Tarko na ƙarshe shi ne lambar nauyi ta zo ɗaya. Z ɗinki agon-40 ce, 18 da 22. Akwai fotasiyam-40, 19 da 21. Akwai kalsiyam-40, 20 da 20. In an jera miki su aka ce waɗanne ne aisotof, amsa ita ce babu, domin furoton ɗinsu ya bambanta. Aisotof sai furoton ya zo ɗaya niyutoron ya saɓa. Abin sha'awa, agon ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa, kusan kashi 1 cikin 100, wanda masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ke saye a tukunyar gas, yawancinsa daga ruɓewar fotasiyam-40 na cikin duwatsu ya fito a tsawon shekaru biliyoyi.

Haidurojin kuma ki sa masa ido, shi kaɗai ne atom ɗinsa na yau da kullum ba shi da niyutoron: furoton 1, ilektoron 1. In ya rasa ilektoron ɗin ya zama H⁺, furoton ne zalla ya rage, kuma shi ke sa ruwan batir cin tufafi.

Wajen rubutawa, lambar nauyi tana sama ta hagun alamar sinadari, lambar atom tana ƙasa ta hagu, caji yana sama ta dama, kuma lamba ke fara zuwa kafin alama, 2+ ko 3−. Sinadarai 20 na farko kuwa ki haddace su a jere kamar karatun allo, daga haidurojin zuwa kalsiyam, don da kin ga 16 ki san salfa ce, farar wuta, ba sai kin tsaya lalube ba.

Wani lokaci sukan juyo da tambayar ta baya, su ɓoye furoton ɗin. Misali a ce ayon mai caji 2+ yana da ilektoron 10, lambar nauyinsa 24. Tunda 2+ ne, ya rasa biyu, ki mayar masa da su: furoton 12, magniziyam ke nan, niyutoron 24 a debe 12, saura 12. In kuma aka ce caji 2−, ilektoron 18, niyutoron 16, to biyu daga cikin ilektoron ɗin baƙi ne, ki sallame su: furoton 16, salfa, lambar nauyi 32.

Ga uku ki gwada da kanki kafin ki kwanta, ki nemo sunan kowace da sauran lambobinta. Ta farko furoton 13, niyutoron 14, ilektoron 10. Ta biyu furoton 8, niyutoron 10, ilektoron 8. Ta uku cajinta 1+, ilektoron 18, lambar nauyi 41. In a ta ukun kika sami niyutoron 23, kin debe ilektoron ne daga 41 maimakon furoton, sai ki koma ki fara nemo jan goron tukuna.